Gizo-gizo Mai Farautar Sauro

A damanar bara, wajen tsakiyar watan Agusta, aikin duba makarantun yaƙi da jahilci ya kai mu wani ƙauye da ke kudu da Magariya, kusa da iyakar Nijeriya. Ajin mata ne, cikin wata rumfar kara da aka jingina da garun wani gida. Ran nan tabarmi sun yi yawa, masu zama sun yi kaɗan, don kuwa mata da dama suna gida suna jinyar yara masu masassara. Malama tana tsakiyar koyar da lissafi, sai ga wani ɗan mitsitsin gizo-gizo ya daka tsalle daga garu ya sauka bisa allo. Kafin ƙiftawar ido wata ta cire takalminta. Muka ce ta dakata. Sai wata dattijuwa ta dube mu ta ce, "Malam, ƙyale ta ta kashe shi. Irinsa ne ya yi wa jikana fitsari a wuya, har yau tabon bai ɓace ba." Muka ce, "Inna, kin ga gizon da idonki?" Ta ce, "A'a, da dare ne. Amma ai kowa ya san aikinsa ne."

Yayin da ake wannan magana, ga sauro nan birjik a jikin garun, sun sha jini sun ƙoshi, ba wadda ta ɗaga musu takalmi. Mun yi wa matan alkawari za mu rubuta darasi a kan wannan al'amari, to ga shi yau Allah ya nufa.

Wane ne gizo-gizo?

A bakinmu duk ƙananan halittu masu rarrafe da masu tashi ƙwari ne. Amma masana sun raba su. Ƙuda da sauro da fara da zuma ƙafafunsu 6, jikinsu kashi 3, galibinsu kuma suna da fukafukai. Gizo-gizo kuwa ƙafafunsa 8, jikinsa kashi 2, ba shi da fiffike, galibi idanunsa 8. Danginsa na kusa su ne kunama da kaska. Zaren da yake saƙa da shi daga ƙarshen cikinsa yake fitowa, ba daga baki ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga manomi shi ne abincinsa. Gizo-gizo ba ya cin hatsi, ba ya huda wake a rumbu, ba ya tauna ganyen gyaɗa. Mafarauci ne, ƙwari yake ci. Idan ya kama ƙwaro sai ya sa masa dafi, ya narkar da naman cikinsa, ya tsotse, ya yar da ƙwanson. A 2017 wasu masana biyu na Turai suka yi ƙiyasi cewa gizo-gizon duniya baki ɗaya suna cin abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 a kowace shekara, kuma mafi yawansa ƙwari ne. Wannan nauyi ya kai, ko ma ya fi, na dukan nama da kifin da 'yan Adam suke ci a shekara.

Mun tashi muna jin Gizo a tatsuniya, mai wayo, mai haɗama, mijin Ƙoƙi. Mun kuma ji malamai suna ba da labarin saƙar da aka yi a bakin kogo ranar Hijira. Wato dai halittar nan ba baƙuwa ba ce a zancenmu. Sai dai mun fi sanin ta a labari fiye da yadda muka san ta a jikin garun ɗakinmu.

Me ake nufi da "sabon iri"?

Lokaci lokaci mukan ji a rediyo an ce masana sun gano sabon irin dabba ko tsiro. Kada mai karatu ya ɗauka yanzu aka halicce shi. Yana nan tun fil azal, wataƙila ma mutanen wurin sun saba ganinsa. Abin da ake nufi shi ne, sai yanzu aka siffanta shi a rubuce, aka raɗa masa sunan da masanan duniya duka za su san shi da shi.

Ga yadda aikin yake. A kama gizon, a sa shi cikin 'yar kwalba da ruwan da ke hana ruɓa, a rubuta sunan wurin da ranar da aka kama shi. Sa'an nan a duba shi da madubin likita, a zana siffarsa, musamman gaɓoɓin barbara, domin a nan ne iri yake bambanta da iri ko da a ido sun yi kama. A gwada shi da duk waɗanda aka riga aka sani. In bai yi daidai da kowa ba, sai a buga bayaninsa a mujallar masana, a ajiye wanda aka duba a gidan tarihi domin na baya su iya zuwa su tabbatar. An fara wannan raɗin suna ga gizo-gizo a 1757 a ƙasar Suwidin. Akwai wani babban kundi da ake riƙe da shi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, inda ake shigar da kowane iri. A watan Afrilu na 2022 lissafin kundin ya cika iri 50,000, kuma kowace shekara ana ƙara ɗaruruwa.

Daga Afirka an samu da dama a 'yan shekarun nan. A 2010 an siffanta wani a tsibirin Madagaska wanda zarensa ke ƙetare kogi, tsawonsa har mita 25. A 2014 an siffanta wani a rairayin Sahara, cikin ƙasar Maroko, wanda in ya ji tsoro yakan gudu da alkafura. A 2011 an buga bayanin gizo-gizo masu tsalle na kudancin Nijeriya, da yawansu daga wajen Ibadan, cikinsu har da waɗanda ba a taɓa raɗa wa suna ba. Amma wanda ya dace da wannan shafi namu wani ne dabam.

Gizon tafkin Biktoriya

A gabashin Afirka akwai wani makeken tafki da ake kira Biktoriya, wanda ƙasashen Kenya da Yuganda da Tanzaniya suka kewaye. A gaɓarsa ta wajen Kenya akwai wani gari, Mbita, inda cibiyar binciken ƙwari da ake kira ICIPE take da tasha. A 2003 wata masaniya 'yar ƙasar Polan, Wanda Wesolowska, da wani masani daga jami'ar Kantabari ta ƙasar Niyu Zilan, Robert Jackson, suka siffanta wani ɗan gizo na wannan yanki. Suka sa masa suna *Evarcha culicivora*. Kalma ta biyu Latinanci ce, ma'anarta "mai cin sauro".

Girmansa bai wuce milimita 5 ba ko kusa da haka, wato bai kai ƙwayar wake ba. Namijin yana da jar fuska. Yana cikin dangin gizo-gizo masu tsalle, waɗanda irinsu ya haura 6,000 a duniya. Su waɗannan ba sa saƙa tarko su zauna jiran rabo. Farauta suke yi irin ta kyanwa: su hangi abinci da manyan idanunsu biyu na gaba, su yi sanɗa, su daka tsalle su cafke. Wanda ya sauka bisa allon matan Magariya ɗan wannan dangi ne, ko da yake ba shi ne ainihin na Biktoriya ba.

To, mene ne abin mamaki game da shi? A bakin wannan tafki akwai wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo, waɗanda ke tasowa daga ruwa kamar hayaƙi, su rufe garu da itatuwa. Yawansu ya ninka na sauro ba iyaka. Da gizon nan malalaci ne, da ya ci waɗannan ya kwanta. Amma sai ya ratsa tsakaninsu yana zaɓe. Abin da yake nema shi ne tamatar sauro wadda ta sha jini.

A nan sai mu tuna darasinmu na masassara. Namijin sauro ba ya cizo, ruwan tsirrai yake sha. Tamatar ce take buƙatar jini domin ƙwanta ya nuna. Kuma ba kowane sauro ke ɗaukar cutar masassara ba, sai irin da ake kira Anofilis. An tabbatar da cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tun 1897, a ƙasar Indiya.

A 2005 Jackson da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi. Sun ajiye wa gizon abinci iri iri ya zaɓa: ƙwarin tafki, namijin sauro, tamatar da ta sha ruwan sukari, da tamatar da ta sha jini. Mafi yawan lokaci mai jinin yake ɗauka. Yana gane ta da ido kaɗai, yana kuma gane ta da ƙanshi kaɗai ko bai gan ta ba. Shi kansa ba ya cizon mutum don ya sha jini, bakinsa ma bai dace da haka ba. Jinin da sauro ya riga ya sata shi yake ƙwacewa. Ɓarawo ya yi sata, an tare shi a hanya.

Masanan ba su tsaya nan ba. Suka so su san da me yake gane tamata. Sai suka yi wata dabara mai ban dariya: suka yanka matattun sauro, suka manna kan namiji a jikin tamata, kan tamata a jikin namiji, suka ajiye masa. An buga wannan a 2012. Ashe abu biyu yake dubawa: jan ciki da ya kumbura da jini, da kuma gashin kai. Gashin kan namijin sauro yana da duhu kamar buroshi, na tamata kuwa shara-shara ne. Ɗan abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai kan allura ba, ga shi yana bambanta abin da mu ba mu taɓa kula da shi ba.

Akwai wani abu kuma wanda kowane ɗalibi zai iya amfani da shi yau da dare. Sauron Anofilis in ya sauka a garu, kansa yana ƙasa kusa da garun, bayansa a ɗage, jikinsa a karkace kamar an kafa tsinke. Sauran sauro, irin masu damunmu da kuka a kunne, jikinsu yakan kwanta daidai da garu. An gano ƙananan 'ya'yan gizon nan sun fi son Anofilis, kuma da wannan tsayuwa suke gane shi. Da yake sauron ya fi su girma, sai su zagaya ta baya, su shiga ƙarƙashin cikin da ke ɗage, su cafke shi ta ƙasa.

A 2011 kuma Fiona Cross da Jackson suka gwada shi da safa. Suka hura iska ta kan safar da mutum ya sa ya yini da ita, suka hura wata ta kan wankakkiya. Gizon ya fi daɗewa wajen warin ƙafa. Dalilin a fili yake: Anofilis ma warin ƙafar mutum yake bi, saboda haka inda warin yake, nan abinci yake. Shi ya sa ake samun gizon a jikin gidajen mutane. An kuma lura wanda ya ci sauro mai jini ya fi samun farin jini wajen barbara, jinin ya zame masa kamar turare. Idan ba ya farauta, yakan je ya sha ruwan zaƙi na wasu tsirrai, cikinsu har da zurma, wadda muke da ita a bayan gidajenmu.

Kada mu ruɗi kanmu

Mun san wani zai karanta wannan ya ce, to, a kawo mana shi Damagaram mana, mu huta da sange. Wannan kuskure ne babba, kuma dole mu faɗe shi a fili. Yankin da gizon nan yake zaune yana cikin wuraren da masassara ta fi tsanani a ƙasar Kenya. Da shi kaɗai zai iya, da mutanen Mbita sun riga kowa hutawa. Gizo ɗaya 'yan sauro kaɗan yake ci, alhali kududdufi guda yana ƙyanƙyashe dubbai, kuma cikin zafi daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 10 ba ko kaɗan da haka. Ban da wannan, wanda ya riga ya sha jini yake kamawa, wato cizo ya riga ya auku. Ɗauko halitta daga wata ƙasa a sake ta a wata kuma abu ne mai haɗari, ba a yin sa da ka.

Saboda haka abin da ke kare ɗanka bai sake ba. Sange mai magani, wato gidan sauro, a kowane dare, ko ana kwana a tsakar gida, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, a ɗinke in ya yage. Maganin rigakafin damana da ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda aka fara a Nijar a 2013: ana ba da shi wata wata a lokacin ruwa, kwana 3 jere. Na ranar farko ma'aikaci ke bayarwa, na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa. A nan ne muke yawan ganin sakaci. Uwa ta ga yaro lafiya lau sai ta ɓoye ƙwayoyin, wai sai ranar da jikinsa ya yi zafi, ko ta raba wa wansa. Yin haka ya ɓata rigakafin, bai kuma zama magani ba. In yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi likita cikin kwana guda a gwada jininsa. Sai kuma cike ramuka. Anofilis ya fi son ruwan sama mai haske da rana ke duka, irin na ramin da aka ɗebi ƙasar tubali, da sawun shanu a bakin tafki, da guraben da ruwa ke kwanciya tsakanin duwatsun Zinder. Manyan tafkuna irin na Gidimuni da fadamun Korama ba mai iya cike su, kuma da su muke noman rani. Amma ramin da ke ƙofar gidanka kai ka haƙa shi.

Namu na gona

Amfanin labarin Biktoriya gare mu shi ne ya sa mu sake duban namu. In aka shiga gonar hatsi da sassafe lokacin da zangarniya ta fito, raɓa ba ta bushe ba, za a ga saƙa tana walƙiya tsakanin kara da kara. Waɗannan masu tarko ke nan, suna kama masu tashi. Akwai masu tsalle a kan ganye. Akwai masu gudu a ƙasa, waɗanda tamatarsu ke yawo da ƙunshin ƙwanta a manne a bayanta. Akwai masu laɓewa cikin fure. Dukansu aiki ɗaya suke yi dare da rana, ba a biyan su ko dala.

Manoman Damagaram ba sa bukatar a gaya musu ko wace ce murzuna. Wani ɗan malam-buɗe-littafin dare ne yake zuwa ya yi ƙwai a kan zangarniya tana fitowa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta riƙa yanke furen tana zagaya zangarniyar kamar an naɗa rawani, ta bar ta fayau. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwana a can duk rani, ta jira wata damana. Tana da maƙiya da yawa a gona, gizo-gizo da tururuwa da tsuntsaye suna cikinsu. Babban makiyinta kuwa wani ɗan zanzaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda yake harbin tsutsar ya shanye mata jiki, ya yi ƙwansa a kanta. Tun 2006 masanan hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, reshen Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suke kiwon wannan zanzaro, ana sa shi cikin ƙananan buhuna ana rataye su kusa da gonaki. Wannan ma halitta ce ake sa ta yaƙi halitta.

To, me ke faruwa idan aka yi feshi barkatai? Maganin ba ya tambayar suna. Gizo da zanzaro suna fili, su ya fara samu. Tsutsa kuwa tana ɓoye cikin zangarniya ko cikin kara. Bayan 'yan kwanaki ƙarfin maganin ya tafi, ɓarna ta dawo, ba mai tare ta. Mai ɓarna yana saurin haihuwa, mafarauci kuwa yana daɗewa bai murmure ba.

Wannan ba zato ba ne, ya faru. A ƙasar Indunusiya an yi shekaru ana feshin shinkafa ba ƙaƙƙautawa, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotson kara, wanda dā ba a damu da shi ba, ya zama annoba. Bincike ya nuna feshin ne yake kashe masu cin sa, gizo-gizo a gaba, ƙwansa kuwa yana cikin kara magani bai kai gare shi ba. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da maganin ƙwari iri 57 a gonakin shinkafa. A 1989 aka fara makarantun gona, inda manoma ke taruwa mako mako su shiga gona, su ƙidaya masu ɓarna da masu cin su, su zana su a takarda, sa'an nan su yanke shawara ko a yi feshi ko a bari. Daga can ne wannan tsari ya yaɗu har ya iso ƙasarmu.

Ba mu ce a daina feshi ɗungum ba. Farar ɗango da ta sauka a 2004, wadda ta haɗu da ƙarancin ruwa aka shiga wahalar 2005, ba gizon da zai tare ta. Kuma gizo ba waliyyi ba ne, in zuma ta faɗa tarkonsa ita ma cinye ta yake yi. Abin da muke cewa shi ne a duba kafin a fesa. A nemi malamin gona ya ga abin da ke ci. A fesa inda ɓarnar take, ba gona duka ba. A guji maganin da ake sayarwa a kasuwa cikin kwalbar da ba rubutu, wanda ba wanda ya san ko mene ne. Wanda ya iya karatu ya karanta takardar da ke jiki, ya karanta wa maƙwabcinsa. Abin takaici ne mutum ya sayar da akuya ya sayi abin da zai kashe masu yi masa gadi.

Sai maganar itatuwa. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Magariya da Matamai da Miriya suka koma barin 'ya'yan gawo da sauran tsirrai a gona wajen sassabe, suna gyara su maimakon tumɓuke su. Hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna wannan aiki ya farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a Nijar. An fi ambaton takin gawo da itacen wuta da abincin dabbobi. Amma a tuna, da rani in gona ta zama fili fetal, an kwashe kara an ƙone saura, ina mafarautan nan za su fake? A ɓawon itace, a gindin sabara da kalgo, a ƙarƙashin karan da aka bari kwance. Gonar da ke da mafaka ita ce damana ke samu da masu gadi a ciki.

Fitsarin gizo da cizonsa

Mu koma ga jikan dattijuwar nan. Ƙunar da mutum ke wayan gari da ita a wuya ko a fuska, wadda muke cewa fitsarin gizo, a wasu wurare kuma a ce tautau, galibi abu biyu ne ke kawo ta, kuma ba gizo a cikinsu.

Na farko wasu ƙwari ne masu ruwa mai ƙuna a jikinsu. Akwai ɗan siriri mai launin ja da baƙi, akwai kuma manyan da ke cin furen hatsi da na wake. Da damana sukan biyo hasken fitila su sauka kan mai barci. Ba cizo suke yi ba. Mutum ne cikin barci yake murtsuke su a kan fatarsa, ruwan ya fito, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja ya ɗuri ruwa kamar ƙunar wuta, sau da yawa a miƙe yadda hannu ya shafa. In irin wannan ƙwaro ya sauka maka, hure shi ko ka kakkaɓe shi. In ka riga ka murtsuke shi, wanke wurin da hannunka da sabulu nan take, kada ka taɓa ido. Sange ma yana tare su.

Na biyu ciwo ne daga cikin jiki. Wanda ya taɓa yin ƙarambau yana yaro, ƙwayar cutar ba ta fita, tana kwance a jijiya. In tsufa ya zo ko jiki ya raunana sai ta farka, ta fito da ƙuraje masu ruwa a jere kamar ɗamara, a ɓangare ɗaya na jiki kawai, da raɗaɗi mai tsanani. Wannan na likita ne, kuma maganinsa ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 na farko. In ya fito kusa da ido kada a kwana. Kada a fasa ƙurajen, kada a shafa toka ko ƙasa.

Shin ba gizon da ke cutar da mutum? Akwai, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma ba sa neman mutum, sai an matse su. Wadda ya kamata a sani ita ce wata mai ƙundumemen ciki, launinta ƙasa-ƙasa, wadda ake samu a ƙasashe masu zafi da yawa. A ƙasan cikinta akwai tambari ja ko ruwan lemo mai siffar kalangu. Ƙunshin ƙwanta kuma yana da tsinaye kamar ƙarangiya. Tana saƙa a hargitse a wurin da ba a taɓawa: ƙarƙashin kujera, cikin tsohuwar tukunya, gindin rumbu, lungun makewayi. Cizonta yana sa zafi, wani lokaci da zufa da murɗewar nama. A wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a tafi likita, musamman in yaro ne ko tsoho. Kada a tsaga, kada a ɗaure, kada a tsotsa. Kakkaɓe takalmi da tufafi kafin a sa, da leƙawa kafin a zura hannu a lungu, suna kare mutum daga ita da kuma kunama, wadda ta fi ta haɗari nesa ba kusa ba. Share yanar da ta taru a ɗaki tsabta ce, ba mu hana ba. Bin ɗan mai tsalle da takalmi ne ba shi da dalili.

Aikin ɗalibai

Muna roƙon malamai su karanta wannan darasi a aji kashi biyu ko uku, sa'an nan a fita waje. Da dare, kowa ya haska garun ɗakinsa ya duba tsayuwar sauro, ya ƙidaya masu ɗage baya da masu kwanciya, ya rubuta lambobin a littafinsa. Wanda ke da tocila ya riƙe ta a gefen goshinsa, daidai da ido, ya haska ƙasa a bakin gona. Zai ga 'yan ɗige-ɗige suna ƙyalli kamar gilashi. Ya matsa a hankali ya ga ko idon wa ke nan.

In zangarniya ta fito, a zaɓi gona biyu, wadda aka fesa da wadda ba a fesa ba. A kowace a yi taku 50 da sassafe, a ƙidaya saƙa da gizon da aka gani, a kuma ƙidaya zangarniyar da murzuna ta taɓa. A sake bayan mako guda. Wanda ya ga gizon da bai saba gani ba ya zana shi, ya rubuta launinsa da girmansa, da sunan da tsofaffin garin suke kiran sa da shi in akwai. A ƙarƙashin zanen a sa abu uku waɗanda masana ma ba sa karɓar gizo sai da su: sunan gari, ranar wata, da wurin da aka same shi, ko garu ne, ko kara, ko gindin gawo. Malamai su tattara takardun, za mu karɓa a zagayenmu na bayan girbi.